Rumfa a bayan gida

Kowane gida yana da kayan da ba su da wurin kwana. Hauya tana jingine ga katanga. Gatari yana ƙarƙashin gado. Harawa tana bisa ɗaki, rana na cin ta. Rago yana ɗaure ga turke, ba inuwa. Amalanke yana waje, ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi. Idan damana ta faɗi sai a shiga guje-guje da dare, ana kwashe wannan ana rufe wancan. Maganin wannan wahala sananne ne: rumfa.

To amma rumfa suna ta tara. Akwai wadda ke yin shekara biyar tana tsaye. Akwai wadda iskar farko ke kwashewa. Na san ta biyun da kyau, don ni ma na taɓa yin ta.

Shekarar da na fara turka rago, na tashi wata safiya na ce yau sai na kafa rumfa. Ban auna ba, ban tambayi kowa ba. Na sayi itace ɗanye, na haƙa ramu da ba su kai kamu ɗaya ba, na kafa, na ɗora kara, na jibge harawa dami ashirin a sama. Kafin la'asar na gama, har ina yaba kaina. Wata uku bayan haka hadari ya taso daga gabas. Iska ta shiga ƙarƙashin rumfar ta ɗaga ta, dirkoki biyu da gara ta riga ta cinye suka karye. Rumfa ta faɗo bisa rago, ƙafarshi ta baya ta karye. Dole na yanka shi tun Layya da saura. Sauran harawar kuma ta jiƙe ta ruɓe. Kuɗin itace, kuɗin rago, kuɗin harawa, duka sun tafi cikin dare guda. Ba iska ta cuce ni ba, gaggawa ce.

Shi ya sa a wannan darasi ba za mu fara da gatari ba. Za mu fara da ido, da igiyar awo, da alƙalami.

Rumfar mene ne?

Tambaya ta farko ke nan, kuma mutane da yawa suna tsallake ta. Rumfar dabbobi daban, rumfar ajiya daban, rumfar zama daban.

Dabba tana son iska da inuwa. Rumfarta ba ta son a toshe ta ko'ina. Ƙasan ya zama busasshe, ya ɗan fi tsakar gida tudu, don fitsari da ruwa su gangara waje. Ragon turka ɗaya yana bukatar wajen murabba'in metir biyu don ya kwanta ya tashi ya juya. In raguna biyu ne masu ƙaho, a raba turakunsu yadda ba za su kai ga juna ba.

Kayan ajiya su kuma ba iska suke so ba, tsaro suke so. Buhun takin zamani ba ya son laima ko kaɗan: in ya jiƙe sai ya dunƙule kamar dutse ko ya narke. Dusa da ƙowar wake suna kiran ɓera. Hauya, gatari, lauje da dagi suna kiran mai dogon hannu. Irin waɗannan kaya suna son bango da ƙofa mai kwaɗo, ko da ƙaramin ɗaki ne na tubali a gefen rumfar.

Akwai abu biyu da ba a ajiye su a rumfar kara ko da wasa. Na ɗaya man fetur. Na biyu maganin ƙwari na gona. Maganin ƙwari guba ne. A sa shi cikin akwati mai makulli, nesa da hatsi, nesa da dusa, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kuma kada a zuba shi cikin kwalbar lemo, don yaro bai san karatu ba, kwalba ya sani.

Wata rana a aji na yi wannan bayani, sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ai mu rumfa guda muka sani. Rago na ƙasa, harawa na bisa, tsoho na gefe yana gyangyaɗi." Aka yi dariya. Gaskiyarshi. Mafi yawanmu rumfa ɗaya za mu iya, kuma ita za ta yi aiki uku. Ba laifi. Sai dai ka san aikin da ya fi nauyi cikin ukun, don shi zai faɗa maka yawan dirkoki da irin rufi. Rumfar da za ta ɗauki harawa a kanta, jaki ce, dole ƙafafunta su yi ƙarfi.

Kafin ka zaɓi wuri, tambayi uwargida

Maigida yana fita da safe ya dawo da yamma. Mai yini cikin gida ita ce mace. Ita ta san inda inuwa take da hantsi, da inda take komawa da azahar. Ita ta san inda ruwa ke kwanciya in an yi ruwa mai yawa. Ita ta san hanyar da hayaƙin murhu ke bi.

Lokacin da zan sake rumfata ta biyu, na nuna wani lungu na ce nan za ta zauna. Uwargida ta ce: "Malam, nan fa ruwan ɗakin nan duka yake taruwa kafin ya fita rariya. In ka toshe, ina za shi?" Na duba, haka ne. Da na kafa a nan, da ruwa ya koma gindin ɗakin kwana.

Saboda haka ku zagaya bayan gidan tare. In da hali, ku duba shi ranar da aka yi ruwa. Inda ƙasa ta fara bushewa, nan ne tudu, nan ne wurin rumfa. Inda kwaɗi suka taru, a bar musu.

Sai maganar wuta. Kara da harawa da zana, in sun bushe, ba su da bambanci da ashana. Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana busowa daga gabas maso arewa, kuma a lokacin ne ake hura wuta don jin ɗumi. Tartsatsi ɗaya ya isa. Duk wanda ya taɓa ganin gobara a ƙauye ya san ba ta tsayawa gida ɗaya: daga rumfa ta kama darni, daga darni ta kama rumbu, hatsin shekara ya zama toka. Don haka rumfa ta yi nisa da murhu, taki goma ko fiye in fili ya yarda. Kuma kada ta zauna inda iskar hunturu za ta kwaso tartsatsin murhu ta zuba mata. Tsakaninta da rumbu ma a bar fili.

In akwai rijiya a gidan, rumfar dabbobi ta nisance ta da metir 15 aƙalla, kuma ta kasance ta gangare, ba ta tudu ba. Kashin dabba in ya bi ruwa ya shiga rijiya, zawo ne ga yara.

Saura maƙwabci. Katangar da ke tsakaninku ta laka ce. In ka jingina rumfarka gare ta, ruwan rufinka yana zuba a gindinta, damana biyu ta isa ta kayar da ita. Daga nan sai gaban mai unguwa. Ka bar rata tsakanin rumfa da katanga yadda mutum zai iya wucewa da tsintsiya. Ruwan rufinka ya zuba cikin gidanka, ya bi rariyarka. Ratar nan tana da wani amfani kuma: kana ganin hanyar gara, kana ganin maciji in ya laɓe.

Wanda yake haya, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ya fara neman yardar mai gida. Ya kuma yi rumfar da za ta kwantu ranar tashi, ba wadda zai bari yana cizon yatsa ba.

Gabas, yamma, kudu, arewa

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne rumfata ta farko ta mutu.

A ƙasarmu hadari daga gabas yake zuwa. Kafin ruwa, sai iska mai ƙarfi da jan ƙura ta riga shi isowa. Rumfar da ta buɗe baki gabas, kamar mutum ne ya buɗe babbar riga gaban iska. Iska ta shiga, ba ta da mafita, sai ta ɗaga rufin. In ma ba ta ɗaga ba, feshin ruwa zai shiga har ƙurya. Tsofaffinmu sun san haka, shi ya sa ba su cika son ƙofar ɗaki ta dubi gabas ba.

To yamma fa? Yamma ba hadari, amma akwai rana. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya, cikin watannin Afrilu da Mayu, rana tana shigowa ta gefe, ta kori inuwa daga ƙarƙashin rumfa. Sai ka ga rumfa ga ta nan, inuwarta tana can waje, rago yana haki.

Abin da na fi so shi ne baki ya dubi kudu. Ga dalili. Lokacin ɗari rana tana karkata kudu, sai ta leƙo cikin rumfa ta ɗumama ta, ta busar da ƙasa. Lokacin bazara rana tana bisa kai, rufi ya tare ta. Iska mai sanyi ta damana kuma daga kudu maso yamma take zuwa, sai ta shiga ta ratsa. Gefen gabas a toshe shi da zana mai kauri ko bango. Gefen arewa ma haka, saboda hunturu. Gefen yamma a rataya zana ko asabari da za a saki da azahar a naɗe da magariba.

Ba kowane gida ke ba da wannan dama ba. Wani filin ƙunci gare shi, wani ɗaki ya riga ya tare. In haka ne, ka riƙe abu ɗaya: bayan rumfa ga gabas. Wanda ya rikice da kusurwa, ya tuna inda yake duba in zai yi salla. Alƙibla a ƙasarmu gabas take, ta ɗan karkata arewa.

Mu auna

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. Ɗauki takarda ka zana bayan gidanka: ga ɗaki, ga murhu, ga rariya, ga katanga. Rubuta G a gefen gabas. Sannan ka zana rumfar.

A ce muna son rumfa mai tsawon metir 4, faɗin metir 3. Filinta shi ne 4 sau 3, wato murabba'in metir 12. Wannan ya isa raguna biyu da kwaminsu, da gefen ajiye kayan noma.

Na zaɓi 4 da 3 da gangan, don akwai wata dabara ta magina. In tsawo 4 ne, faɗi 3, to daga wannan kusurwa zuwa wadda ke can ƙetare, in ka ja igiya a karkace, dole ka sami metir 5 daidai. In ka sami 5, kusurwarka ta miƙe. In ka sami ƙasa ko sama da 5, rumfarka ta karkace, ka gyara turaku tun ba ka yi haƙa ba. Auna ɗaya ƙetaren shi ma, su zo daidai da juna. Ga rumfar kara, ƴar karkata ba ta kashe kowa. Ga rumfar kwano kuwa, in kusurwa ta karkace, kwano ba zai hau daidai ba, sai ka ga baki ya fito kamar haƙoran zarto.

Wanda ba shi da metir, ya je wajen tela ko kafinta ya auno igiya, ya ƙulla ta a kowane metir. Kada a dogara da taki ko gaba, don takin dogo ba na gajere ba ne.

Tsayi fa? Mutum ya shiga ba tare da ya duƙa ba: metir 2 daga ƙasa. Ramin dirka ya kai santimetir 50 ko 60, a ƙasa mai rairayi ma ya fi haka. Ke nan dirkar da za ka saya ta kai metir 2 da rabi ko ta ɗara. Masu sayar da itace sun san mutane suna manta rabon rami. Ka je da igiyarka.

Dirkoki nawa? Tsakanin dirka da dirka kada ya wuce metir 2. Gefen metir 4 yana cin dirka 3. Gefe biyu, 6 ke nan. In za a ɗora harawa a sama, a ƙara layi na tsakiya, su zama 9.

Itace

Kirya ita ce sarauniyar dirkoki. Gara ba ta cika iya ta ba, tana shekaru cikin ƙasa. Marke ma yana da ƙarfi. Amma su biyun sun yi wuya yanzu, kuma kiryar da ta rage a gona ta fi amfani a tsaye. Azarar giginya, irin wadda aka san ƙasar Gaya da ita, ba ta da na biyu wajen rufi, sai dai giginya itace ne da doka ta kare. Gawo ma haka. Damagarawa har yau suna ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya tsananta hukunci ga mai saran gawo. Dokar daji ta 2004 ita ma ba ta bar kowa ya sari irin waɗannan itatuwa yadda ya ga dama ba. Kafin ka ɗora gatari ga babban itace, ko a gonarka yake, ka nemi ma'aikacin gandun daji ka tambaya. Tambaya ba ta cin kuɗi, tara tana ci.

Abin da ya fi samuwa gare mu shi ne dogon yaro, wanda wasu ke ce ma bedi, da kuma turare. Dogon yaro in an yi mashi aski yana sake tohowa da sanduna miƙaƙƙu. A fadamar Majiya, ƙasar Buza, tun 1975 aka fara dasa shi layi-layi don tare iska, daga baya mutanen wurin suka riƙa samun sandunan gini daga gare shi. Turare miƙaƙƙe ne, yana da kyau ga sandunan sama, amma in ya shiga ƙasa gara tana son shi. In kana da zaɓi, dogon yaro a ƙasa, turare a bisa.

Manomin da ke yin sassaben zamani shi ya fi kowa sauƙi. Wannan aiki ya fara bazuwa daga ƙasar Maraɗi wajen 1984: maimakon a sare duk tohon da ya fito a kututture, sai a bar biyu ko uku masu ƙarfi, a gyara su su girma. Bayan ƴan shekaru, sabara da kalgo da geza na gonarka su ba ka sandunan tanka da na shimfiɗa, ba ka je kasuwa ba. Ɓawon kalgo kuma ga igiya.

Itace ɗanye kada ya shiga rami. A sare shi bayan kaka, a ɓare ɓawon, a jingine shi a inuwa ya bushe. Ɓawo shi ne ɗakin ƙwari masu huda itace.

Yanzu gara. Ba a gama yaƙi da gara, sai dai a rage mata ƙarfi. Babbake gindin dirka a wuta har bayanta ya yi baƙi, daidai rabon da zai shiga ƙasa da ɗan ƙari. Wasu suna shafa baƙin mai na mota, yana taimakawa, amma ban da kusa da rijiya, ban da inda dabba za ta lasa. A zuba tsakuwa a gindin rami, a kafa dirka, a mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan haɗe da toka, ana kirɓawa da taɓarya ko gindin dagi. Kada a tura ƙasar gaba ɗaya a taka da ƙafa a ce an gama. Dirkar da ta kafu, in ka girgiza ta da hannu biyu ba ta motsi. Bayan haka, duk ranar Juma'a ka duba gindin dirkoki. In ka ga hanyar laka ta fara hawa, ka kankare.

Wanda ke da hali ya sa ƙafafun ƙarfe, a zuba musu siminti a rami. Tsada gare su ranar saye, amma gara ba ta cin ƙarfe.

Kara ko kwano?

Nan ne gardama take a kowane aji. Kowa da gaskiyarshi.

Rufin kara sanyi gare shi. Karan hatsi a gonarka yake, in ka kwaso shi da wuri bayan girbi. Amma shimfiɗaɗɗen kara inuwa kawai yake bayarwa, ba ya tare ruwa. Mai son ya tare ruwa sai ya karkata rufin sosai, ya baibaye shi da ciyawa, ko ya shimfiɗa leda tsakanin zana biyu. Ledar kada ta ga rana, in ta gani wata kaɗan ta farfashe. Zana ta gamba ta fi ta kara daɗewa. Igiyar kaba, irin wadda ake tufkawa a ƙasar Gulbin Kaba, ita ce ta ɗauri. Kuma ka sani, rufin kara kusan kowace shekara ko biyu sai an sabunta shi. Ban da haka, kara yanzu abincin dabba ne, in rani ya yi tsanani har kuɗi yake yi.

Kwano, wanda muke ce ma tol, yana tare ruwa, ba ya kama wuta, yana daɗewa. Aibinshi zafi. Da bazara, ƙarƙashin gajeren kwano kamar tanda yake. In rumfar dabbobi ce ko ta zama, a ɗaga shi sama sosai, a bar iska tana ratsawa, a ɗaure zana ta ƙarƙashinshi. Aibi na biyu ya fi muni: kwanon da iska ta ɓalle wuƙa ne mai tashi sama. Yana yanka mutum, yana yanka dabba. Jibga duwatsu ko tubali a kanshi ba ɗauri ba ne, ƙarin abin faɗowa ne. A buga ƙusa mai hula a bisa tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Sandunan da aka buga kwanon a kansu kuma a ɗaure su ga dirkoki da waya mai kauri, ninki biyu. Mutane suna ƙusance kwano da kyau su manta da wannan ɗauri, sai iska ta tafi da kwano da sanduna gaba ɗaya.

Gaba ya fi baya tsayi da santimetir 30 ko 40, don ruwa ya gangara.

Kwano nawa za a saya? Auna wanda ke kasuwarku, don ba duka ɗaya suke ba. A ce tsawonshi metir 2, kuma in an ɗora bakin wani bisa wani, kowane ɗaya yana rufe santimetir 80. Tsawon rumfa metir 4, mu ƙara santimetir 20 kowane gefe don feshi: santimetir 440. Raba 440 da 80, ka sami 5 da rabi. Ba a sayar da rabi, 6 ke nan. Faɗin rumfa metir 3, kwano ɗaya bai kai ba, sai layi biyu. 6 sau 2, kwano 12. In kana saye, ka ɗaga ɗaya ka ji nauyinshi. Wanda ke lanƙwashewa kamar takarda arha gare shi, amma arhar ba ta kai ko'ina.

Ga wani lissafi da nake so. Ruwan sama milimetir 1, in ya zuba bisa murabba'in metir 1, litir 1 ne. A Maraɗi ruwan shekara yakan kai wajen milimetir 500, Damagaram da Tawa ƙasa da haka. To rufi mai murabba'in metir 12, sau 500: litir 6.000. Duro mai litir 200 har 30 ke nan. Wannan ruwa ko dai ka sa indararo ka tare shi don wanki da ban ruwan dabbobi, ko kuwa ya haƙa maka rami a gindin rumfa. In ka tare, ka rufe duron, don ruwa a buɗe gidan sauro ne.

Ni a ganina, mai ƙaramin ƙarfi kada ya ci bashi don kwano. Ya sa kuɗinshi ga dirkoki masu kyau, ya kafa su daidai bisa awo, ya rufa da kara bana. In Allah ya hore baɗi, sai ya sauke kara ya hau da kwano bisa ƙafafun nan dai. Ƙafa ita ce ba ta sakuwa da sauƙi.

Ɗakin ajiya na tubali kuwa, akwai maginan da suka koyi gini marar itace, wanda ake rufawa da tubalin laka a lanƙwashe. An fara shi a Cikal, ƙasar Filinge, a 1980. Ba azara, ba kwano, ba abincin gara, ga sanyi. Amma aikin wanda ya koya ne. Kada kowa ya gwada shi da ka, kuma yana son yaɓe kafin kowace damana.

Harawa a bisa

Kalma ɗaya game da ita, tunda ita ce dukiyar da muka fi ɗorawa. Harawar da rana ta daka wata huɗu takan yi fari, ganyen ya kakkaɓe, saura tsinke. Ƙarfinta cikin ganye yake. In ka ɗora ta, ka rufe ta da tsohuwar zana ka ɗaure. Manyan damuna su zauna daidai kan dirkoki, ba tsakiyar sanda ba. Kuma a sauko da abin da ya rage kafin hadarin farko. Rumfa ta shiga damana kanta ba kaya.

Yaushe za a yi aikin?

Bayan kaka. Lokacin akwai kara, akwai gamba, akwai ɗan kuɗin wake a aljihu, kuma samari ba su tafi cin rani ba tukuna. Itacen da aka sara a Nuwamba ya bushe kafin Janairu. Wanda ya jira sai ya ga hadari, zai sayi kome da tsada, ya yi aiki da gaggawa irin tawa.

Kafin ka je kasuwa, rubuta duk abin da kake bukata, kowane da layinshi: dirkoki, sandunan sama, zana, igiya ko waya, ƙusa, kuɗin amalanke, abincin masu taya aiki. Mutane suna manta na ƙarshen nan biyu. Ka tuna kuma, baki yana ƙirga da dala, takarda tana rubuta sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai itace ya ce dala 200, kai ka rubuta 1.000, wato jika guda. In ka ga 1.500 a takarda, raba da 5: dala 300.

Aikin gida

Kowa ya auno bayan gidanshi da igiya, ya zano shi a takarda, ya sa G a gabas, ya nuna murhu da rariya, ya nuna inda yake son rumfa. Mata, ku ma ku zano, ko da maigida ya ce ya riga ya zaɓi wuri. Za mu aza takardun biyu gefe da gefe mu gani.

Sannan ku yi wannan lissafi. A ce dirka ɗaya dala 200 ce, kuna son 9. Sandar sama ɗaya dala 150, kuna son 6. Zana ɗaya dala 300, kuna son 4. Amalanke dala 200. Nawa ke nan duka da dala? Nawa ne da sefa? Waɗannan kuɗi misali ne kawai. Ranar kasuwa ku tambayo kuɗin gaskiya na garinku, ku rubuto, mu sake lissafin da su ranar Litinin.